Ɗantala da Kunyoyin Dosara

Ɗantala mutumin Dosara ne, cikin ƙasar Maradun, shi ne na biyu a ɗakin uwarsa. Wansa Isma'ila shi ne manomin gidan, mutum mai sanyin magana, wanda kan wuni duƙe a gona bai ɗaga kai ba sai lokacin salla. Ɗantala kuwa tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, fartanya kuma ba ta taɓa yi masa daɗi a hannu ba. Da mahaifinsu ya rasu, Isma'ila ya riƙe gona, ya ja masa sa guda daga turke ya ce, "Tunda kai ba ka son ƙasa, je ka sayar da wanga ka sayi mashin, ka nemi abincinka bisa hanya. Gona tana nan ranar da ka gaji."

Haka Ɗantala ya shiga kabu-kabu. Yana ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Dosara da Maradun, ranar Talata ya zarce kasuwar Mafara. Ya auri Hussaina, wata 'yar Kaya mai fara'a, suka zauna a ɗaki guda cikin gidan gado, katangar kara ce kawai tsakaninsu da Isma'ila da matarsa Taiba. A shekarun nan babu abin da ya bambanta shi da sauran 'yan kabu-kabu, in ban da yawan surutu da son gudu.

Sai hanya ta lalace. Ɓarayin daji suka fara tare mutane a wuraren da kowa ya sani, bakin kwalbati da gindin wata tsamiya da inda hanya ta kusanci daji. Tun ana ƙwace mashin a saki mai shi, har aka koma tafiya da mutum da mashin ɗin duka. Abokan sana'arsa da yawa suka jingine mashinansu. Ɗantala ya ga in ya zauna gida ba abin da za a ɗora a murhu, don haka bayan an gama girbi ya fara barin hanya yana ratsawa ta gonaki.

Gonakin ba su yi masa maraba ba. Duk wanda ya san gonar dawa bayan kaka ya san yadda kunyoyi ke jere, sun bushe sun yi tauri, ga tushiya a kansu kamar haƙora. Mashin ya hau wannan ya faɗa kwarin waccan, kafin ya miƙe wata ta tare shi. Ƙugunsa ya yi ciwo, shokozobar mashin ta mutu, wata rana ya zubar da wani tsoho da kwandon kajinsa. Mutane suka ce gara ɓarawo da karaya, suka daina hawa.

Wata Talata ya kai wayarsa caji wurin Misbahu, mai rumfar cajin waya a bakin tashar Mafara, ya tarar samari sun yi da'ira suna kallon wani abu suna dariya. Ya leƙa. Wani Bature ne ke gangarowa daga kan dutsen da ƙanƙara ta rufe fari fat, da dogayen katakai biyu a ƙafafunsa da sanda a kowane hannu. Gangaren ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tsibi-tsibi ne na ƙanƙara daga sama har ƙasa, kamar an zube tulin hatsi a jere. Samarin suna jiran ya faɗi, shi kuwa yana ta bi tsakanin tsibin nan, dama, hagu, dama.

"Mi a' sunan wanga wasa?" in ji Ɗantala.

Misbahu ya karanto wani suna, telemak ko wani abu mai kama da haka, ya ce wasan masu ƙoshi ne.

"Maido min shi baya."

Aka maido. Ya sake cewa a maido. Samarin suka gaji suka watse, shi yana tsugune da wayar Misbahu a hannu. Abin da ya kama idonsa shi ne kan mutumin ba ya hawa ba ya sauka. Daga ƙugu zuwa sama yana tafiya lafiya lau kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ƙafafu ne ke ta aiki, in tsibi ya taso su naɗe, in ya wuce su miƙe. Yatsun ƙafarsa ne kawai a ɗaure da katakon, diddigen a sake yake, duk inda zai juya sai ya tura ƙafa ɗaya gaba ya sauke gwiwar ɗayar har ta kusa taɓa ƙasa, kamar mai shirin durƙusa wa surukinsa. Ba ya juyawa cikin kwari, sai ya hau ƙoƙon tsibi inda nauyinsa ya ragu. Fuskarsa kuma ba ta kallon wanda yake takawa, tana can kan na gaba da na gabansa.

Misbahu ya tura masa hoton a wayarsa. Washegari da hantsi Isma'ila ya jiyo kukan mashin a gonarsa, ya zo ya tarar da ƙanensa yana faɗuwa yana tashi.

"Kai Ɗantala, lafiyarka? Gonar tawa ka mayar filin sukuwa?"

"Yaya, yi haƙuri, wani abu nake gwadawa."

"To ka gwada. Amma ka sani da damina kai za ka tada min kunyoyin da ka rushe."

Ɗantala ya ɗauki lokaci kafin jikinsa ya gane. Ya daina zama a kujera, ya koma tsayuwa bisa matakan ƙafa da tsinin tafinsa, diddige a sake. Ya daina tunkarar kunya kai tsaye, sai ya shige ta a karkace. In taya ta fara hawa ya sassauta totur ya naɗe gwiwoyi mashin ya taso masa har ƙirji, in ta fara sauka ya miƙe ƙafafu ya ba da wuta kaɗan. In zai juya, sai ya bari ya hau kan kunya, ya sauke gwiwar da ke ɓangaren da zai nufa, mashin ya bi shi da kansa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne hana idonsa kallon tayar gaba. Ranar da ya iya wannan, ya ratsa gonar daga wannan iyaka zuwa waccan bai sa ƙafa a ƙasa ba, Isma'ila yana tsaye gindin gawo yana girgiza kai yana murmushi.

Fasinja ma ya samo musu dabara. Yakan ce su rungume ƙugunsa, su danna ƙafa a mataki, in ya ce "tashi" su ɗan ɗaga jiki. Tsofaffi da masu ciki yakan ɗaure su da bayansa da zane. Kafin shekara ta zagayo, duk wanda ciwo ya kama a Dosara, ko mace ta kasa haihuwa, ko maganin wani ya ƙare, Ɗantala ake nema. Ɓarayi sun sha hango shi su biyo shi, da ya sauka hanya ya faɗa gona sai su yi ta tuntsurewa a kunyoyi suna harbin iska. Sauran 'yan kabu-kabu sun roƙe shi ya koya musu, yana cewa to, amma bai taɓa zama ya koya wa kowa ba. Yana jin daɗin a ce shi kaɗai ne.

Mutanen gari su ma sun ɗauki darasi daga abin. Da suka haƙa rami suka kafa 'yan sa-kai a bakin hanyar shigowa gari, ɓangaren gonaki sai suka bar shi, suka dai riƙa tada kunyoyi manya-manya suna barinsu haka bayan girbi. Kowa ya san mai mashin ba zai ratso nan da gudu ba, kafin ya iso an ji shi an shirya.

An kama Ɗantala da rana tsaka, yana dawowa daga Maradun shi kaɗai. Akwai wani kwazazzabo da dole sai ya sauka ya tura mashin kafin ya haye. Nan ɓarayin suka kwanta suka jira shi. Suka rufe masa ido, suka yi ta tafiya da shi cikin daji. Da aka kwance masa ƙyallen, mutumin da ke zaune a gabansa bisa tabarma da bindiga a cinya ba baƙo ba ne. Mas'ud ne, wani da ya sha ɗauka zuwa kasuwar Mafara shekarun baya, mai yawan shiru, wanda ba ya taya kuɗin mashin.

Mas'ud ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiya, kamar a bakin masallaci suka haɗu. Sannan ya ce, "Ba kuɗin kowa muke so a kanka ba. Yarana za ka koya wa yadda kake hawan gona."

"Ni ban san wani abu ba, Mas'ud. Sa'a ce kawai."

"Mun daɗe muna kallon sa'ar taka. Hussaina tana lafiya? Har yanzu tana zuwa Kaya ganin tsohuwa ranar Juma'a?"

Akwai wasu gonaki kusa da sansanin ɓarayin, na wani ƙauye da mutanensa suka gudu suka bari. Can aka kai shi da samari kusan goma. Da farko ya yi musu wayo. Ya ce su zauna daram a kujera, su nufi kunya kai tsaye, su murɗa totur. Suka yi ta faɗuwa, har ɗaya ya karya allon kafaɗa. Mas'ud bai yi faɗa ba. Ya sa aka jawo wani dattijo daga cikin waɗanda ke ɗaure a sansanin, mai farin gemu, wanda Ɗantala bai ko san sunansa ba. Aka tsayar da shi a bakin gonar aka harbe shi.

"Muna da su da yawa," in ji Mas'ud. "Duk yaron da ya sake faɗuwa ta dalilin ƙaryarka, za a kawo wani."

Daga ranar ya koya musu gaskiya. Ya nuna musu tsayuwa da tsinin tafi, da naɗe gwiwa, da shiga kunya a karkace, da inda ake juyawa, da inda ake ajiye ido. Samari ne masu sauƙin jiki, waɗanda suka tashi a kan mashin, ba su daɗe ba suka fara kamawa. Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne wata safiya da wani siririn cikinsu ya ratsa gonar tsaf, kansa bai motsa ba, gwiwarsa tana sauka daidai inda ya kamata. Ɗantala ya ji bakinsa ya ce "Yauwa!" da ƙarfi, da irin daɗin da mai koyarwa ke ji. Sai da kalmar ta fita ya tuna inda yake.

Wata rana da sassafe suka fita gaba ɗaya, aka bar shi ɗaure da sauran mutane. La'asar sakaliya suka dawo suna kora shanu, da wasu mata a bayan mashina. Cikin shanun ya ga wani jan bijimi mai karyayyen ƙaho. Shi da kansa ya riƙe igiyar bijimin nan ranar da Isma'ila ya saye shi. Ya yi ta kiran Mas'ud yana tambaya ina suka je, wa suka taɓa, babu wanda ya kula shi.

Bayan 'yan kwanaki Mas'ud ya zo ya tsuguna kusa da shi. "Ka yi mana aiki, ba zan kashe ka ba. Amma ba zan sake ka ka je ka koya wa 'yan sa-kai ba." Mutum biyu suka danne shi, na uku ya ɗaga gindin bindiga ya sauke a gwiwarsa ta dama, ya sake, ya sake. Suka yar da shi a bakin hanya kusa da Kaya, inda wasu masu amalanke suka tsince shi.

A gidan surukansa ya farfaɗo, mai ɗori yana ɗaure masa ƙafa da karare, Hussaina tana riƙe da kansa. Ita ta gaya masa abin da ya faru a Dosara. Ta ɓangaren gonaki ɓarayin suka shigo, da gudu, kafin 'yan sa-kai su baro bakin hanya sun riga sun cika gari. Isma'ila yana turke yana ƙoƙarin kwance shanu, nan suka same shi. An binne shi da wasu mutum da dama a ranar.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "mutane sun gan su. A tsaye suke bisa mashin, suna sauke gwiwa. Kowa ya san hawan wane ne."

Da ya iya dogara sanda ya ce sai ya je Dosara ya yi wa Taiba gaisuwa. Hussaina ta hana, ya ƙi ji. Ya shiga gari a bayan mashin ɗin wani, mutanen da ya sha kai wa asibiti suna ganinsa suna kau da kai. Ya yi sallama a ƙofar gidansu, aka daɗe ba a amsa ba. Taiba tana cikin takaba, ta bayan asabari ta karɓi gaisuwarsa da kalma biyu. 'Yarta Bushra ta leƙo ta gan shi ta koma da gudu.

Kafin ya fito, Ishaku shugaban 'yan sa-kai yana jiransa a waje da mutanensa.

"An kama mutane da yawa a garin nan," in ji Ishaku, "ba wanda ya dawo sai da aka sayar da gona ko shanu. Kai wa ya biya maka?"

"Ba kowa. Ga abin da na biya da shi." Ya nuna ƙafar.

"Kai ka koya musu ko ba kai ba?"

"Ni ne. Sun harbe mutum a gabana, Ishaku. Sun ce za su..."

"Nan ma sun harbe mutane. Har da wanka." Wani daga baya ya ce infoman ɓarayi ne, a gama da shi kawai. Ishaku ya ɗaga hannu. "Albarkacin Isma'ila, da albarkacin uwata da ka taɓa kai wa Maradun, ka fita garin nan da ƙafarka. Kada rana ta faɗi kana ciki."

Talata Mafara suka koma shi da Hussaina, suka kama ɗaki a bayan gari. Ƙafar ta warke a sandare, ba ta lanƙwasuwa, ko salla sai a zaune yake yi da ita miƙe. Misbahu ya ba shi gefen rumfarsa, ya samo famfo da bahon ruwa ya fara faci. Hussaina tana soya awara a ƙofar gida. Surutun nan nasa duk ya tafi. 'Yan kabu-kabu sukan kawo masa taya, ya cire ƙusa ya liƙe ya ba su, in hira ta juya kan hanyar Maradun sai ya duƙar da kai cikin bahon yana neman inda iska ke fita.

Ana gab da damina sai ga Ishaku a rumfar. Ya rame, an ɗaure masa hannu ɗaya. Suka gaisa kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya ce ɓarayin sun sake shigowa har sau biyu ta gona, in an bi su kuma ba a cim musu.

"Na zo ka koya wa yaranmu."

"Da wace ƙafa?"

"Da baki. Ka zauna a inuwa ka faɗa, su yi."

Ɗantala ya daɗe yana murza robar da ke hannunsa. Ya san yaran Ishaku. Ya san akwai na kirki a cikinsu, ya kuma ji labarin rugagen da wasunsu suka ƙona, da mutanen da aka tare a hanyar kasuwa ba a tambaye su komi ba.

"Ishaku, na koya wa mutane sau ɗaya, na ga inda suka je da shi. In na koya wa naku, ban san ƙofar wa za su tsaya ba. Ba zan ƙara ba."

"Wannan ita ce hanyar da za ka wanke sunanka."

"Na sani."

Ishaku ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ashe dai nasu ne kai," ya ce, ya tafi bai yi sallama ba. Ɗantala bai tabbata ya yi daidai ba, har yau kuma bai tabbata ba. Hussaina da ya gaya mata cewa ta yi da ya karɓa, ko don su samu su koma gida. Ba su sake tada maganar ba.

Daminar nan ba a yi noma sosai a Dosara ba. Mutane suka riƙa fitowa da tabarmi da tukwane a ka, wasu suka nufi Maradun, wasu Bakura, wasu Mafara. Hussaina ce ta ga Taiba a wani kangon gini da 'yan gudun hijira suka cika, tana zaune da 'ya'yanta uku a kan buhu. Ba ta nemi shawarar mijinta ba, ta kwaso su ta kawo gida. Aka raba ɗakin da labule, Ɗantala ya koma kwana a zaure.

Taiba takan gaishe shi da safe kamar yadda ake gaida baƙo, ba ta ƙara komi. In ya kawo cefane sai ya miƙa wa Hussaina, ita ta san yadda za ta yi. Aka yi watanni a haka. Wata ranar Juma'a ya dawo daga masallaci yana jan ƙafa, ya tarar da Taiba a tsakar gida tana tsince shinkafa, Hussaina ta fita ɗebo ruwa. Ya yi niyyar wucewa, sai ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Tun ranar da aka ɗauke ka wanka bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya kai jan bijimin kasuwa don ya haɗa abin da za a karɓo ka, aka yi masa tayin wulaƙanci, ya dawo da shi ya ce sai wata Talata. Shi ya sa da suka shigo bai gudu ba, ya tafi turke."

Ɗantala ya tsaya, ya jingine sandarsa a bango.

"Ban faɗa don in ƙona maka rai ba," ta ce. "Na ga ya kamata ka sani ne. Ban yafe ba tukuna, ban kuma ce laifinka ne ba. Ban san inda zan ajiye abin ba." Ta watsar da tsakuwar da ta tsince, ta jawo faranti. "Bushra ba ta da takalmi, kuma ranar Litinin za a sa ta makaranta."

Ya ce to. Ya juya ya ɗauki sandarsa, ya kama hanyar kasuwa.